Ɗaurayar da Na Hana

Lokacin da nake sakataren kwamitin masallacinmu a Barade, mun ɗauko wani mai wankin kafet. Ya jiƙa tabo da sabulu kaɗan, na zarge shi da ha'inci, na sa ya ninka sabulun. Da ya nemi ɗauraya ta uku kuwa, na hana, domin ruwan tankin na alwalar Juma'a ne.

Ya ce, "Malam, in sabulu ya saura, ƙura za ta manne."

Cikin mako biyu kafet ya yi danƙo, goshin masallata yana ƙaiƙayi. A zaman kwamiti na rubuta cewa aikinsa ba shi da inganci, ba a sake kiransa ba. Har yau ban gyara layin nan ba.