Ruwan Mutum Guda

Duk wanda ya san Garhanga ya san ba ƙasar lemu ba ce. Dutse ne a sama, dutse a ƙasa, ruwa kuwa sai an yi masa takakkiya. Shi ya sa in baƙo ya tambayi gidan Adawiyya ba a wahalar da baki wajen kwatance. Sai a ce ya miƙe yamma har ƙarshen gari, inda ya hango kan lemun tsami ya leƙo ta saman katanga, to nan ne. Itacen shi kaɗai ne a unguwar, shekararsa arba'in da biyu, daidai da shekarun ɗanta na fari.

Adawiyya gajeruwa ce, ga ta da bakin da ba ya ajiye magana ta kwana. Tana cikin matan da suka ɗauki dutse a ka zamanin aikin faroje na raya ƙasa, lokacin da aka jera duwatsu a kan tuddai don tare ruwan sama. Can ta ƙara gane cewa ruwa ba a korarsa, tsayar da shi ake yi ya zauna. Ta dawo gida ta kafa doka: ruwa ba ya barin gidanta sai ya yi aiki biyu. Ƙasarin gero na awaki ne. Ruwan wanke-wanke na gindin zogale ne. Ruwan wanka da na alwala kuwa na lemu ne, yana bin wata makwarara ta duwatsu daga makewayi har gindinsa. Ko sabulun gari na kanti ba ta yarda a shiga da shi makewayinta ba, ta ce ƙone saiwa yake yi.

Mata kan zo neman dabara, ita kuma ba ta rowa, sai dai sai ta fara yi maka faɗa tukuna. Wadda ƙwari suka cinye wa wake za ta ji cewa laifinta ne, don wake ba a ajiye shi tsirara, sai an cuɗe shi da toka mai sanyi da busasshen ganyen dogon yaro, a toshe bakin tulu da laka. Wadda ta jefar da tulun da ya tsage kuwa ta shiga uku. Tulu mai tsaga, in ji Adawiyya, binne shi ake yi har wuya kusa da shuka, a cika shi, a rufe bakin da faifan dutse, ya yi ta tsatsafowa kwana uku. Suna tafiya suna guna-guni, amma kowace ta je ta yi yadda aka ce.

Abin da yawancinsu ba su sani ba shi ne dalilin lemun. Ranar da aka haifi Mahamud, ɗanta na fari, ungozoma ta binne mabiyiyarsa a bayan ɗaki, gefen makewayi. Bayan suna, mijinta Illa ya dawo daga kasuwar Madawa da dashen lemu cikin gwangwani, ya dasa shi daidai wurin, ya jera duwatsun makwarara da hannunsa. Ya ce duk ruwan da ya taɓa jikin mutanen gidan nan, itacen yaron ya sha.

To, ɗan fari ɗan kunya ne. Adawiyya ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba. Da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi. In ya faɗi ya fasa gwiwa, sai uwar ta kau da kai tana tankaɗe, zuciyarta kamar ta fito, har wani ya zo ya ɗaga shi. Daga baya da ta haifi Bushira sai ta samu mafita, in za ta ambace shi ta ce "wan Bushira". Abin da al'ada ta hana ta yi wa yaron, itacen ta yi wa. Ta kewaye shi da ƙaya don awaki, ta zuba masa kashin awaki da ya kwana biyu, ta rufe gindinsa da duwatsu don kada rana ta shanye laima. Ba wanda ya gaya wa Mahamud komai. Illa ya sha cewa sai yaron ya yi hankali, har ajali ya riga shi.

Lokacin da gidan ke da mutum tara, makwarara ba ta bushewa, lemu har maƙwabta ke zuwa tsinta. Sai gida ya fara raguwa. Tsohuwa, kakar Mahamud, ta rasu. Mahamud ya bi hanyar da samarin Adar ke bi, ya tafi cirani Abijan, bayan ƴan shekaru ya aiko aka kai masa matarsa Farida da yara. Aka kai Bushira Madawa gidan wani mai fataucin albasa. Sannan Illa ma ya rasu. Aka bar Adawiyya da akuya biyu da ɗakuna huɗu, uku a kulle.

A nan ta gane abin da ba ta taɓa lissafawa ba: ruwan mutum guda ba ya riƙe itace. Buta biyar da bokiti ɗaya, kafin su kai rabin makwarara ƙasa ta lashe su. Ta binne tulu biyu masu tsaga. Ta koma wanka sau biyu a yini, ita da ba ta zuwa ko'ina. Ta riƙa yaudarar maƙwabciyarta Kaltuma, tana cewa ruwan randarta ya fi sanyi, ta zo ta yi alwala a nan. Kaltuma ƙawarta ce tun suna amare, tana nan ranar da aka binne mabiyiya, ta san komai. Sai Kaltuma ta ɗauki buta ta tsuguna a gindin lemu. Haka itacen ya rayu shekara shida, bai yi ƙiba ba, bai kuma mutu ba. Kaɗaici ya dame ta ƙwarai, ba ta ɓoye wa kanta ba. In ta share tsakar gida da safe, da yamma sawun ƙafarta kaɗai take tararwa a kan sharar.

A daminar shekara ta shida ta zame a makewayi, gwiwarta ta bugu. Labari ya kai Abijan ta bakin Bushira. Da kaka ta wuce Bushira ta haihu, Adawiyya ta tafi Madawa yi mata wankan jego na kwana arba'in, ta bar wa Kaltuma amanar awaki da lemu. A cikin kwanakin nan ne Mahamud ya sauka a Garhanga ba sanarwa, da buhunan siminti a amalanke. Ya shiga makewayin uwarsa, ya ga taɓo da duwatsu masu santsi, idonsa ya kawo ruwa. Mutumin kirki ne, kada a ɗauki alhakinsa. Ya kira maso, wato magini, aka tone duwatsun Illa, aka sare saiwa biyu manya da suka tare hanya, aka malale wurin da siminti har kusa da gindin lemu. Aka fasa katanga aka zura tiyo, ruwa ya riƙa fita lungu kamar yadda ake yi a birni.

Kaltuma ta tsaya a bakin ƙofa tana murza hannu. Ta ce, "Mahamud, to lemun ga ina za shi sha?"

Ya yi dariya ya ce, "Haba Inna Kaltuma, iccen ga ai ya tsuhwa, saiwatai ta kai ƙasa. Ba shi buƙatar ruwan wanka. Ni dai kada Inna ta koma hwaɗuwa."

Maganar ta zo mata har leɓe, ta haɗiye. A ganinta ba ita ce za ta faɗa ba, maganar uwa ce.

Adawiyya ta dawo ranar Laraba da hantsi. Mahamud ya tarye ta a ƙofar gida, ya karɓi ƙullinta, ya wuce gaba yana nuna mata aiki, fuskarsa kamar ta yaron da ya kai hadda. A bakin makewayi ya nuna mata inda ya rubuta sunansa da ƙusa tun siminti na ɗanye. Ita ba ta karatun boko, amma ta tsaya ta daɗe tana duban zanen. Sannan ta dubi tiyo, ta dubi lemu. Matar da ke tsare mata a hanya saboda fasasshen tulu, ranar nan bakinta ya mutu. Ta yaya za ta dubi ɗan fari, mai furfura a gemu, ta ce masa ga inda mabiyiyarka take, ga abin da nake yi maka shekara arba'in? Ta kau da kai kamar yadda ta saba, ta ce, "Allah shi yi albarka." Ya kwana huɗu ya koma.

Daga nan ta shiga aikin da ya fi ƙarfinta. Ta aje tasa a lungu a bakin tiyo, in ta fito wanka ta zagaya da ɗingishi ta ɗauko, in awakin mutane ba su riga ta ba. Da ta gaji da raba ruwa da awaki sai ta koma wanka cikin baho, ta riƙa jansa a ƙasa har gindin itacen. Amma ɓangaren da saiwoyi suka saba sha shekara da shekaru yana ƙarƙashin siminti, tuluna biyun ma can suka tafi. Ɗaya ɓangaren fako ne, ruwa sai ya tsaya a kai ya jira rana.

Kaltuma ta ce a fasa. Ta faɗa sau ɗaya, ta faɗa sau goma. "Ke Adawiyya, guduma guda ta, mu buɗe mai hanya. Mi kika jira?"

"Aikin hannunai na," in ji Adawiyya. "Tun da anka haihe shi mi ya taɓa ginawa gidan ga in ba wanga ba? In ya zo ya iske na hwasa, shi ce mi?"

Gaskiyarta ce, kuma kuskurenta ke nan. Abu biyu take da su na ɗanta a gidan, ɗaya na kashe ɗaya, ta kasa zaɓa. Ta yi ta jan baho har bazara ta kankama. Ganye ya fara naɗewa, ya yi rawaya, ya riƙa zuba. Kullum da safe sai ta share ganyen lemu, ta tara shi a gindi, ba ta iya zubarwa a juji. Sai gwiwar ta kumbura, ta yi kwana tara ba ta taka ƙasa ba. Ranar da ta fito dafe da bango ta ɗaga kai, reshe uku kaɗai ke da ganye.

Ta aika a kira Kaltuma da guduma. Tsofaffi biyu suka wuni suna karɓa-karɓa, wannan ta buga ta huta, waccan ta karɓa. Adawiyya na ta gargaɗi kada a kusanci rubutun. Suka buɗe hanya mai faɗin tafin hannu, suka toshe tiyo da tsumma. Da suka tona ƙasan, Adawiyya ta kama wata saiwa ta lanƙwasa, ta karye ƙaras kamar kirare. Kaltuma ta ce watakila in ruwa ya sauka ya farfaɗo. Ba wadda ta dubi ƴar'uwarta.

Damina ta sauka, kuma ta yi kyau a shekarar. Tudun da suka jera wa duwatsu ya yi kore, zogale ya yi toho, har ciyawa ta fito a tsagar simintin. Adawiyya ta riƙa kankare ɓawon lemu da farce kowace safiya, reshe bayan reshe, tana neman kore. Ta daina a watan da aka fara cin sabon wake.

Mahamud kan kira ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, a wayar Kaltuma. Wannan Juma'ar, bayan gaisuwa da tambayar gwiwa, ya ce a aiko masa da lemun gida in an samu mai zuwa, na can ba ya ƙamshi. Kaltuma ta fizge wayar, ta ce ita kam ta gaji, ta zayyana masa komai tun daga ungozoma da gwangwanin Illa har baho da guduma. Ta miƙa wa uwar wayar ta fita.

Ba a jin komai sai ƙarar motocin Abijan. Can ya ce, da wata murya da ba ta san shi da ita ba, "Inna, mi ya hana ki hwaɗa mini?"

Ta ce, "Yo ana hwaɗi?"

Daga baya ya ce yana nan zuwa bayan Salla, in Allah ya yarda. Bai ce wace Sallar ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Har yanzu itacen na tsaye, kuma har yanzu da shi ake kwatancen gidan, sai dai a ce busasshen lemu. Mata sun ba ta shawara ta sare ta huta da neman itacen girki, ta kore su da faɗa, abin da ya tabbatar musu tana nan lafiya. Ta sake jera duwatsu cikin hanyar da suka fasa, ruwan wankanta na bi ya isa gindin kamar da.

Ranar da aka yi wayar, da la'asar, ta ɗauki buta ta tsuguna a gindin lemu, inda Illa ya saba tsugunawa ya yi alwala. Ta wanke hannu, ta wanke fuska, ta wanke ƙafa, ruwan na gangarawa cikin ƙasa. Da ta gama ba ta tashi ba. Ta dafa busasshen gindin, ta waiwaya ta dubi ƙofa, sannan ta buɗe baki a hankali ta ce, "Mahamud." Sunan ya yi mata nauyi a harshe, don ba ta taɓa ɗaukarsa ba. Ta sake faɗa da ɗan ƙarfi. Ba kowa a gidan sai awaki biyu, ɗaya ta ɗago kai ta dube ta, ta ci gaba da tuƙa.