Hasken da na shafe a kaset

Da za a ba ni damar warware abu ɗaya cikin ayyukana, da kaset ɗin nan zan dawo da shi.

Ina matashi da aure na fara koyon ɗaukar bidiyon buki a Malanville, wajen wani dattijo ɗan Gaya. Karatunsa na farko shi ne: rana a bayanka, ko da liman ne ya tsaya a gabanta. In ta shiga gilashin kamara ta watsa ƙwallayen haske kan fuskokin mutane, to aiki ya lalace.

Ranar da ya fara bari na tafi gida da kamara, na tsaya kusa da duwan, wato ofishin kwastan, bayan la'asar ina gwaji. Sai ga matata ta sauko daga gadar kan iyaka da kwandon albasa a kai. Mace ce mai gudun hoto, amma ranar ba ta kauce ba. Na bi ta da kamara har ta iso gabana. Da na duba a gida, sai na ga rana tana bayanta, ƙwallaye kore da ja sun jeru sun rufe mata rabin fuska. Kunya ta kama ni kada maigida ya gani. Kaset kuma sai an yi saƙonsa daga Kwatano, don haka mukan ɗauki sabon aiki a kan tsoho. Na ɗora wani bukin suna na garin Guéné a kai. Matata ba ta sake tsayawa gaban kamara ba har Allah ya karɓi abarsa, ɗiyarmu tana rarrafe.

Ɗiyar nan ce yanzu take da shagon montaji a bakin kasuwa, inda take yanka bidiyo tana haɗawa a kwamfuta. Wata rana na tarar tana saka wa ango da amarya irin hasken nan da hannunta.

Na ce, "Ke, wa ya ɓata miki aiki haka?"

Ta yi dariya. "Baba, su suka roƙa. In babu shi, amarya cewa take bukinta bai yi kyau ba."

Na ja kujera na zauna, don abin ya ɗaure mini kai. Ta nuna mini yadda take fara ɗora ɗigo a inda rana take, sai ƙwallayen su jeru da kansu su ratsa tsakiyar hoton. In kamara ta karkata dama, su gangara hagu. In kan wani ya gitta gaban ranar, sai ta rage hasken, ya wuce ta mayar. Ta ce wanda bai yi haka ba, nasa kamar fenti yake fitowa. Har ƙura take ƙara wa gilashin, ƙurar da na yi shekaru ina gogewa da gefen rigata.

Kashegari na kawo mata hoton uwarta na katin ɗan ƙasa, na ba ta labarin kaset ɗin, wanda ban taɓa faɗa mata ba. Ta sa hoton a kwamfuta, ta cire labulen da ke bayan uwar ta sa gadar nan, ta ɗora rana a saman kafaɗa.

Na ce, "Sauko da ita kaɗan. Koren ya fi haka girma, jan kuma yana kan kunci."

"Tsoho, ashe kai ma gwani ne."

Muka yi ta gyara har ya zama daidai yadda na gan shi. Sai ta juyo ta ce, "To, dariya take ko rufe baki ta yi? Yaya tafiyarta take?"

Ni dai na riƙe launin kowane ƙwallo, saboda su na tsaya kallo ranar, ina jin haushinsu. Ita ban kalle ta sosai ba.

Ɗiyata ta bar bakin yadda yake a katin, a rufe.

Ku masu ɗaukar hoto da waya yanzu, ina roƙonku, in rana ta shiga ta ɓata muku hoton wani naku, ku bar shi a ajiye. Kada ku goge.