Baffa Zagaye da Bencin Asibiti

Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Baba a asibiti, abu ɗaya ya nema kafin harshensa ya ɗaure: a kira masa ƙanensa. Daga nan bai ƙara furta kalmar da za a gane ba, sai dai duk wanda ya turo ƙofa ya bi shi da ido, in ya ga ba shi ba ne ya mayar da kai bango.

Ƙanen nasa shi ne Baffa, direban bas, mai faɗin kafaɗa da dariyar da ake jiyowa tun daga bakin layi. A tasha Zagaye suke ce masa, don in ya ɗauko fasinja, da ya hango katangar asibiti sai ya karya kan mota ya bi ta layin masu walda, ya ɓulla can gaba. Fasinja su yi ta mita, shi kuwa ya ce, "Yawon buɗe ido nake kai ku kyauta, ko godiya babu?"

Mu a gida abin bai taɓa ba mu dariya ba. Ranar da matarsa ta haihu, a tsallaken titi ya tsaya har aka fito masa da jaririn. Da aka yi wa Goggo, babbar yayarsu, aikin ido, gaisuwa kawai ya aiko. Baba ya sha cewa, "Ni na raine shi, na san halin kayana. Girman kai ne, ƙafarsa ta fi ƙarfin dubiya."

Da na kai masa saƙon Baba, ya saka takalmi nan take, muka fita tare. Muna isa bakin ƙofar asibitin sai gumi ya karyo masa, ya dafa bango, ya ce, "Ɗiyata, je ki, ina zuwa." Bai zo ba.

Matarsa ce ta samo wata mata da muke kira likitar magana, don ba ta ba da ko ƙwaya ɗaya. Ofishinta ɗan ɗaki ne a saman shagon fenti, kujera biyu da fanka mai ƙara. Baffa ya dawo daga zuwan farko yana tsaki.

"Wai mutum ba ɗaya ba ne, akwai sassa a cikinsa, kowa da aikinsa. Na ce, baiwar Allah, ni ko guda ɗayan ma da ƙyar nake ciyar da shi."

Amma ya koma. A hankali ya mayar da zancen irin nasa. Ya ce shi bas ne shaƙe da mutane. Akwai kwandasta mai surutu da barkwanci, wanda da zance ya yi nauyi sai ya buga jikin mota a wuce. Akwai wani mugun tsoho da ke fizge sitiyari duk lokacin da aka doshi asibiti. Baffa ya so a sauke tsohon nan a hanya. Likitar ta ce ba a korar kowa, tambayarsa ake yi: me kake tsoron zai faru in ka saki?

"To me ya ce?" na tambaye shi.

"Ya ce wani yake karewa. Wai saura mutum ɗaya bai shigo ba."

Wata rana da yamma ya same ni ina wanke kwanukan da za a kai wa Mama, mai jinyar Baba a asibiti. Ya san ni ce mai zama gaban Goggo ina kwasar labarin gida, wa ya haifi wa, wa ya rasu a ina. Ya tsuguna gefen famfo.

"Ranar da Innarmu ta rasu, ina nake?"

Na san wanda ya rufe mata ido, na san Goggo ta suma a bakin ƙofa, na san Baba, yana saurayi, shi ya bi gawar a mota. A duk labarin nan ba a taɓa ambaton Baffa ba. Na je na tambayi Goggo. Ta ce, "Wayyo. Ai sai da la'asar aka tuna da shi. Maƙwabci ne ya koma ya ɗauko shi."

Sauran shi ya samo da kansa, idonsa a rufe, a kan kujerar likitar. Wani ɗan yaro da gajeren wando, zaune kan benci a barandar asibiti, ƙafarsa ba ta kai ƙasa ba. Yayansa ya zaunar da shi ya ce, "Kar ka tashi, kar ka bi kowa, sai na dawo na ce ka taso." An wuce da gado a lulluɓe ta gabansa, bai san ko waye a kai ba. Ya ji fitsari ya riƙe. Bai tashi ba.

Baffa ya ce da ya gane haka sai ya ji kamar an sauke masa buhu daga wuya. Ashe ba taurin zuciya ba ne. Ya yi kuka a gabana, ni kuma na rasa inda zan sa idona.

Likitar ta ce yanzu shi babba ne, shi ne direba, shi zai je ya zauna kusa da yaron ya gaya masa an gama jira. Ya gwada, ba sau ɗaya ba.

"Ya ƙi," ya ce mini. "Kallona kawai yake. Wai bai san ni ba, kuma Yaya ya ce kar ya bi kowa."

"Baffa, ai kai ne shi."

"Ke kika sani. Shi bai sani ba."

Likitar ta ce irin wannan ba a yi masa gaggawa. Mu kuma lokaci ne ba mu da shi, don Baba kullum ƙara ramewa yake.

Duk da haka tsohon nan mai fizge sitiyari ya ɗan sassauta. Ran nan Baffa ya ƙetare ƙofar asibiti, yana riƙe da hannun matarsa kamar makaho, ya hau bene, ya iso har barandar ɗakin Baba. Akwai benci a bakin ƙofar. Yana ganinsa ya zauna a kai, ya kasa tashi.

Na shiga na durƙusa gefen gadon, na faɗa wa Baba komai a kunne. Na ga lokacin da ya tuna. Hawaye ya gangaro ta idon da ke motsi, bakinsa ya karkace yana kokawa, amma sai wani gurnani ya fito. Mama ta roƙi nas a turo gadon baranda. Nas ta nuna bututun da ke hancinsa ta ce ba zai yiwu ba.

Na fito. Baffa ya ɗago.

"Me ya ce?"

"Ya ce ka taso."

Ya dube ni da jajayen idanu. "Da bakinsa?"

Na girgiza kai.

Haka ya riƙa zuwa kullum, ya zauna a bencin, bango ɗaya tsakaninsa da yayansa, har mai gadi ya zo sallamar masu dubiya. A nan yake zaune da hantsin da Baba ya cika. Aka turo gadon a lulluɓe, Mama da Goggo na biye suna kuka, aka wuce ta gabansa. Na tsaya tsakanin gadon da bencin, na rasa wanda zan bi. Baffa ya ɗora tafinsa a kan katakon da ke gefensa, inda ba kowa, yana magana ƙasa-ƙasa.

"Ba zai dawo ba. Ni kaɗai na rage maka."

Mai goge-goge ta iso da bokitinta, ta ce ya ɗan ɗaga ƙafa. Ya ɗaga, ta goge ƙarƙashin bencin ta wuce.