Ranar da Yaya ya durƙusa a ɗakin Inna

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma, ranar wata Juma'a, a ɗakin Inna a garin Mai Wurno. Mu huɗu ne: ni, Inna, kawunmu, da 'yarsa mai aikin na'urori a birnin Wad Madani. Wannan yammacin ba zai fita daga raina ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da yayana ya tafi Jidda bai yi wa Inna sallama ba. Tun ranar ta ƙi karɓar wayarsa. Cewa take yi, "Wanda ya fita a tsaye, ya zo ya durƙusa." Takardunsa ba su ba shi damar zuwa ba, ita kuma jiki ya yi rauni. Tsoronmu kada ta tafi ba ta yafe masa ba.

Da farko 'yar kawu ta toshe tagogi. Sannan ta rataya wani yadi shara-shara a gaban angarib, gadon igiyar da Inna ke zaune a kai. Daga nan ta kunna na'urar haske. Sai ga hoton Yaya a jikin yadin, kai tsaye daga Jidda, kamar yana tsaye a tsakar ɗaki, da tsayinsa, da furfurar da ba mu san ya yi ba. Kawu har ya miƙa masa hannu.

Inna ta dubi ƙafar Yaya, ta kau da kai. Takalmi ne a ƙafar, kuma daidai kan tabarmarta.

Na ce, "Yaya, cire takalmi. Ɗakin Inna kake."

"Ni fa a ɗakina nake..."

"Cire, ka durƙusa."

Ya cire, ya durƙusa, sai ya ɓace, saura hularsa tana yawo. Kawu ya ce, "To, hular dai ta yi ladabi." Ban yi dariya ba a lokacin, yau ina yi. Aka sa ya sunkuyar da kamararsa, ya dawo, gwiwa biyu a ƙasa.

"Inna, ki yafe mini."

 Inna ta miƙa hannu ta dafa yadin daidai kansa, hasken ya kwanta a bayan hannunta.

"Ka rame," in ji ta. "Na yafe. Ba a ba ka abinci ne a can?"

Na'ura ta kawo shi ɗaki, amma sai da gwiwarsa ta taɓa ƙasa aka karɓe shi. Mai karatu, in kana da tsohuwa tana jiranka, ina roƙonka ka neme ta yau, ko ta waya ce. Kuma ka cire takalmi.