Bangon da Ban Duba Ba

Abin da na fara gani da motar makaranta ta tsaya shi ne zankwayen da ke saman ƙofar shiga wurin shaƙatawar. Guda huɗu ne, ɗaya ya karye, tattabara ta zauna a gurbinsa. Bayansu wani tafki ya shimfiɗe, ga ɗakunan baƙi na ginin ƙasa a jere a bakin ruwa, ja wur kamar an toya su.

Na san ɗakunan tun kafin in gan su. Kakana magini ne, kuma yana cikin waɗanda aka ɗebo daga Yakasai suka gina wurin shaƙatawar nan tun yana saurayi. Yanzu idonsa ya yi rauni, ba ya wuce zaure. Da safen ranar, kafin in fito, ya kira ni.

"Amarya, za ki yawon shan iska ki bar mijinki da yunwa?"

"Wane miji? Tsoho da kai!"

Ya yi dariya, sannan ya rage murya. Ya ce in zaga bayan ɗakin cin abinci, bangon da ke kallon ruwa. Akwai zanen da ya yi da yatsunsa tun yaɓen yana ɗanye. Ba irin zanen da aka saba ba ne, daga jikin ƙwaryar kakata marigayiya ya kwaso shi, lokacin yana neman aurenta. "Ki dubo min ko yana nan."

Mai zagayawa da mu ya nuna mana ɗaurin guga, wato bakan ginin da ke riƙe da rufin babban ɗaki, da azarar da aka jera, ya ce kaurin bangon ne ke riƙe sanyi. Na lura da sawun yatsu a jikin yaɓen makuba na bangon, ƙanana da manya. Sai wata 'yar ajinmu ta toshe hanci.

"Wai nan ne otal ɗin? Wallahi kamar akurkin kaji!"

Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi.

Kwanar bangon da Kaka ya ce in dubo tana gabana, taku goma bai cika ba. Amma in na ware ni kaɗai za a tambaye ni me nake nema, ni kuma sai in ce kakana ne ya kwaɓa ƙasar. Aka ce a zo a shiga kwalekwale. Na bi sahu. Daga cikin ruwa na waiwaya, dogayen ciyayi sun tare bangon.

Da na dawo bayan la'asar yana zaune a inda na bar shi.

"Yana nan?"

"Yana nan, Kaka."

"Ruwa bai ci gindinsa ba?"

"Bai ci ba."

Ya shafa gemu, ya ce alhamdu lillahi har sau uku. Washegari na ji yana gaya wa mai ɗinkin hula na maƙwabtanmu cewa jikarsa ta gano da idonta. Mai ɗinkin ya ba ni alewa. Ta kwana biyu a aljihun jakata, na kasa sha.

Ranar Litinin na ji 'yan aji biyu ma za su je wurin. Na tsaya a ƙofar ofis har aka kaɗa ƙararrawa sau biyu kafin malamar tarihi, wadda za ta kai su, ta ɗago kai.

"Ke, lafiya? Yau kurma ta zo magana?"

Na durƙusa, ina murɗa bakin hijabina.

"Malama, don Allah ki tafi da ni ranar Alhamis. Ba sai na shiga kwalekwale ba. Bango ɗaya kawai zan duba."