Buhun Gero a Kan Saniya

Ina gama kwalejin horon malamai aka turo ni wata firamare kusa da Magama. Zamanin kuɗin fetur ne. Ban jima da kama aiki ba aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, har da ariyas. Ni da ban taɓa riƙe abin da ya wuce kuɗin motar zuwa gida ba, sai ga ni ina dafe aljihu in zan yi ruku'u.

Malamai suka ruɗe. Wannan ya sayo babur, wancan rediyo mai kaset, wani ya sa haƙorin zinare alhali bai je Makka ba. Akwai wani babban malami mai koyar da lissafi, ya girme ni nesa ba kusa ba. Shi ya samo mini ɗakin haya, daga gidansa ake aiko mini da tuwo. Ya ja ni gefe ya ce, "Ƙanena, kada ka bi yaran nan. Babur ƙarfe ne, tsatsa zai yi. Kawo kuɗinka mu juya. Ran kasuwa ka raka ni Jibiya ka gani da idonka."

Na ji daɗi ƙwarai, na ce na samu uba a bariki.

Lokacin fari ya gama da arewa. Makiyaya na ta tsallako iyaka daga Nijar da ragowar shanunsu, kana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Ran kasuwa na raka malam. Ashe rumfa gare shi a bayan kasuwa, yana ba da buhun gero a karɓi saniya. Da na leƙa ciki neman inuwa, sai na tarar da leburorinsa suna ɗura wa buhuna dusa da yashi a ƙasa, su rufe da gero mai kyau a sama. Ko ɓoyewa ba su yi ba, har sannu suka yi mini.

Wani dattijo ya zo da jar saniya. Ya ce, "Malam, ita ɗai ta saura. Ka ƙara mani ko tiya guda, akwai ɗiya."

Malam ya yi dariya. "Baffa, wannan ai fata ce da ƙashi. In ba ka so, ga ungulu can suna jira."

Dattijon ya miƙa igiya. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba, na ce, "Baffa, zazzage buhun nan tukuna."

Ya shimfiɗa mayafinsa ya zazzage. Ya daɗe yana kallon yashin. Bai yi faɗa ba, bai karɓe saniyarsa ba, ina zai kai ta? Cewa kawai ya yi, "A sake mani wani, don Allah." Aka sake masa. Kafin in bar wurin, leburori sun kwashe abin da ya zube sun mayar cikin buhu, sun ɗaure, an ɗora wa jakin mutumin da ke bayansa. Ranar ko ruwa ban iya sha a kasuwar ba.

Tuwo ya daina zuwa. A makaranta aka ce sabon malami ba shi da ladabi. Na sayi keke, na aika wa mahaifina sauran kuɗin ya rufa ɗakinsa da kwano, na koyi dafa wake da kaina. Duk ƙarshen wata sai in shiga adashen masu gadi, don malamai sun ƙi sa ni a nasu.

Malam kuwa bai ƙara shekara ba ya ajiye alli, ya sayi babbar mota. Da aka tashi bikin raba kyaututtuka, shi aka gayyato babban baƙo. Ya yi wa yara doguwar nasiha a kan riƙon amana, suka tafa. Ni ne ƙaramin malami, saboda haka ni aka sa na tsaya bayansa ina riƙe masa lema har ya gama.