Awakin Ustaz Bashir ba na aljanu ba ne

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan labari ya iske ni a birnin Madani: Ustaz Bashir ya rasu. Ba yau ba ma, tun shekaranjiya. Direban bas ɗin Managil ne ya faɗa mini a tasha, kamar yana ba ni labarin albasa ta yi tsada.

Shi ya koya mana Turanci a makarantar hillarmu, wato ƙauyenmu. Ciwon sukari ya daɗe yana cinsa, kowa ya sani.

Na kira matarsa, Inna Asha, in yi mata ta'aziyya. Abin da ta gaya mini shi ya sa nake wannan rubutu. Sahun jana'izar bai cika ba. Maƙwabta sun daina karɓar nonon awakinta, jiya a ƙasa ta zubar. Wai awakin aljanu ne, wai da yaren iskoki Ustaz ke kiransu, wai su suka ɗauke shi.

Haba jama'a! Haba!

Bari in gaya muku yaren, tunda tambaya ta fi ƙarfinku. Sunansa Kilingon. Turawa suka ƙirƙire shi saboda wani fim na mutanen sararin samaniya. Ustaz ya ci karo da shi a shagon intanet a nan Madani, lokacin da ya zo kwas. Duk yaren, sunayen dabbobi ne suka tafi da shi. Ya ce dabbobinsu ba irin namu ba ne, sai dai ka nemi wadda ta yi kama. Dabbar da suke hawa sarg ce, sai ya sa wa jakinsa Sarg. Kyanwarsa Bigro. Awaki kuwa da yamma yakan tsaya ƙofar gida ya kwarara "Hadiba!", wato dabba, su taho a guje daga bakin tur'a, magudanar ruwan noman rani. Muna dariya, yana cewa duk mai iya kakaro haruffan Larabci daga maƙogwaro ya riga ya gama rabin karatun.

Shi ke nan fa. Sihirin ke nan gaba ɗaya.

Wannan jakin da kuke tsallakewa da a'uzubillahi, matan hillarmu nawa ya ja a karo, wato keken jaki, zuwa bakin titi suna naƙuda? A lokacin ban ji wanda ya tambayi sunansa ba.

Nonon da kuke ƙyama, shi Ustaz ke aika wa masu tsinkar auduga kyauta duk kaka. Ni kaina da zazzaɓi ya kwantar da ni ina aji biyar, shi na sha har na miƙe.

Ganinmu na ƙarshe da Sallar layya ne, yana zaune kan angarib, gadonsa na igiya, ƙafa a kumbure, Bigro a cinyarsa. Na ce, "Ustaz, mutane fa na magana."

Ya ce, "Ya Usman, Turawan ga sun zamna sun raɗa ma dabbar da babu ta suna. Mu ko ɗiyanmu, nuna musu bushiya, sai da Larabci za su gaya maka ko mi ce. Wanga shi ya kamata a yi magana kai." Sai ya yi dariya. "Bar su. Awakin dai suna tahowa in na kira."

Yanzu ba mai kiransu. Inna Asha ta san kalmar sarai, amma tsoron bakinku ya hana ta ɗaga murya. Tana takaba, ba ta iya bin su. Ta ce jiya sun tsaya bakin tur'a har magariba suna kallon gida, ba su shigo ba.

To, ku saurara. Na hau bas. Kafin rana ta faɗi ina ƙofar gidan nan, zan kira su da ƙarfin da na bayan masallaci ma zai ji. A tatso nonon in sha a gabanku. Wanda ya ga aljani ya zo ya nuna mini shi.

Allah ya jiƙan Ustaz Bashir, ya haskaka kabarinsa, ya ba Inna Asha haƙurin rashinsa da haƙurin zama da mu. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa Fatiha. In kuma ɗan hillarmu ne kai, bayan Fatihar ka zo da ƙwaryarka.